Tasha ta 198 a Maradi: me kuɗin abonma ke saya maka a gidan Big Brother?

Daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Oktoba, lokacin da gero ke fitar da kai a gonakin bayan gari, akwai gidaje da wuraren fada a Maradi da tele ba ta barin tasha guda, wato ta 198 a kan DStv, inda ake nuna Big Brother Naija dare da rana, gasar da ake tara mutane a gida ɗaya kyamara na ɗaukar su, ana korar su har a bar mutum ɗaya. Ba kowa ke yarda ya ce yana kallo ba. Masu ɗaura parabol dai sun san lokacin, don a makonnin nan ne ake kiran su a juya faranti daga yamma zuwa gabas, ko a kafa na biyu kusa da na Canal+. Wannan bita ce ta hajar gaba ɗayanta, tun daga ƙarfen da ake kafawa a tsakar gida har abin da ke fitowa a gilashin tele.

A fara da farantin, don nan ne aka fi asarar kuɗi a banza. DStv na sauko mana ne daga taurarin Eutelsat da ke digiri 36 gabas, Canal+ kuma daga digiri 22 yamma. Maradi tana wajen digiri 7 gabas, kusan tsakiyar su biyun cif, shi ya sa za ka ga faranti biyu a gida ɗaya sun juya wa juna baya alhali ɗagowarsu kusan iri ɗaya ce, wajen digiri 53. Na DStv yana duban gabas ne ya ɗan karkata kudu. Idan ka fuskanci alƙibla, sai ka ƙara juyawa dama sosai kafin ka same shi. Kamfanin Canal+ ya karɓe ragamar MultiChoice, mai DStv, a Satumban 2025, amma cinikin bai gusar da tauraro ko ɗaya daga inda yake ba, saboda haka faranti ɗaya mai kai ɗaya ba zai kamo maka duka biyun ba, ko me mai shago ya faɗa maka.

Ka sayi faranti mai santimita 90. Ƙarami yana kamawa da rani, har ka ga kamar ka yi dabara, amma wannan shirin a damina ake yin sa. Hadarin ƙasar nan daga gabas yake tasowa, daidai inda farantin ke kallo, don haka hoto yakan fara tsinkewa tun ɗigon farko bai taɓa ƙasa ba: murya ta riƙa sarƙewa, fuskar mai magana ta farfashe, sai lambar E48-32, alamar sigina ta ɗauke, ta bayyana a tele. Wannan ba laifin dekoda ba ne kuma ba kuɗinka ne ya ƙare ba, girgije ne ya tare hanya. Babban faranti ba ya hana wannan gaba ɗaya, yana dai rage tsawon yankewar.

Kan da ke gaban farantin, wanda ake kira LNB, shi ne wurin da ƙananan masu gyara ke kuskure. A nan sai an murɗa shi kusan digiri 60, ba a barin bakin wayar yana kallon ƙasa tsaye yadda ake zana shi a jikin kwali. Idan an ɗauko farantin daga Canal+ ne, murɗawar ta koma ɗaya gefen. Alamar an yi kuskure ita ce ƙarfin sigina ya cika amma ingancinta ya tsaya ƙasa, wasu tashoshi su fito wasu su ƙi. Aikin mutum biyu ne. Mai gyaran yana wajen faranti da sufana lamba 10 da 13, yaronsa yana gaban tele yana kiran lambar inganci ta taga: «Maigida, arba'in da biyar... hamsin da takwas... ya sauka, koma baya kaɗan... saba'in da huɗu!» Shi kuma ya ce, «Tsaya nan, kar ka ɗauke ido,» ya ɗaure notocin ɗaya bayan ɗaya a hankali, don ɗaure ɗaya da ƙarfi lokaci guda yana jan farantin ya goce. Kada ka sallami mai aiki inganci bai haura 70 ba a ranar da sama take garau.

Kar a ɗaura a katangar laka ko a kan kwanon rufi. Iskar da ke gaban hadari tana isa ta gusar da faranti da faɗin yatsa, wannan kuwa ya isa ya ɗauke hoto. A haƙa rami kamar rabin mita, a kafa bututun ƙarfe da siminti, a bar shi kwana biyu ya kama. Waya ta zama RG6 mai kauri, a naɗe mahaɗinta da salatif, a kuma lanƙwasa ta ƙasa kafin ta shiga ɗaki don ruwa ya ɗige a waje. Ta cikin wayar nan dekoda ke aika wa kan farantin wuta, bolt 13 ko 18, saboda haka silin ƙarfe ɗaya na ragar waje idan ya taɓa na tsakiya, sigina ta tafi ɗungurungum. In an fara tsawa, a zare wayar farantin daga bayan dekoda, kashe ta da telekomand bai wadatar ba.

Sai wuta. Dekoda da tele mai inci 32 ba su wuce wat 60 zuwa 70 a haɗe. Batir mai amfiya 100, idan ba a so a kashe shi da wuri, rabinsa ake sha, wato wajen wat 600 na awa ɗaya. Da asarar inbata, lissafin ya kama awa bakwai zuwa takwas ba tare da fanka ba. Ya isa daren Asabar da na Lahadi, bai isa wanda ke son kallon mutane suna barci har asuba ba. A sa regilater tsakanin soket da dekoda, don dawowar kuran da ƙarfi bayan an ɗauke shi ne ke ƙona caja.

Dekoda da yawa a garin nan ta hanyar Jibiya da Dan Issa suka shigo, da rajistar Najeriya, don haka da naira ake biyansu. Farashin matakan abonma da kamfanin ya sa a Maris na 2025 shi ne Yanga naira 6,000 a wata, Confam 11,000, Compact 19,000, Compact Plus 30,000, Premium 44,500. Akwai Padi mai 4,400, amma daga Yanga zuwa sama ne ake tallar shirin, kada araha ta ja ka ƙasa. Kana kai sefa wurin mai biya da asusun Najeriya, ya lissafa da canjin ranar ya ɗora ladarsa. Abu biyu ke lalacewa a nan. Na farko, kuskuren lamba ɗaya a lambar kati, kuɗinka ya buɗe wa wani baƙo tele a Enugu. Ka sa ya karanta maka sunan da ya fito kafin ya tura. Na biyu, a biya dekoda tana kashe. Umarnin buɗewa ta tauraro yake zuwa, in bai same ta a kunne ba sai ka dawo gida ka tarar da E16, alamar tashoshi a rufe suke, alhali an cire kuɗi. Ana share ta ta manhajar MyDStv da dekoda a kunne, sai dai manhajar tana neman lambar wayar da aka yi rajista da ita. Wanda ya sayi dekoda ta hannu bai karɓi wannan layin ba, ko bai sa an canza shi ba, zai sha zarya.

Ta fuskar hoto da sauti ba abin kushewa. In an kafa daidai, hoto tas, murya tana fita har ta masu raɗa. Tangarɗar harshe ce: Ingilishi da Fijin ake yi, ba fassarar Hausa ba ta Faransanci. Wanda ya yi zaman Legas ko ya saba da direbobin kudu zai bi, wanda lakwal ɗinsa ta Faransanci ce zai dogara da mai fassara a fada, shi kuwa mai fassara yakan ƙara gishiri gwargwadon wanda yake goyon baya.

To me ke cikin kwalin? Tsarin ba na Najeriya ba ne. Wani ɗan Holan, John de Mol, ya fara shi a 1999, aka riƙa sayar da lasisinsa ƙasa-ƙasa. Najeriya ta yi nata na farko a 2006, aka dakata, aka dawo a 2017, kuma tun daga lokacin Ebuka Obi-Uchendu ke gabatarwa, wanda shi kansa ɗan takara ne a na 2006 bai ci ba. Ana zuba samari da ƴan mata ashirin da wani abu a gida ɗaya na kimanin mako goma, ba waya, ba agogo, ba labarin waje, kowa da makirufo a jiki, cire shi ko yin raɗa laifi ne. Mako yana da tsari kamar na kasuwa. Litinin a yi wasan zaɓen shugaban gida, wanda ya ci ya tsira daga kora a makon. A yawancin zangon, ranar ce kuma ake kiran kowa shi kaɗai cikin wani ɗaki ya ambaci mutum biyu da yake so a kora. Alhamis su gabatar da aikin da suka yi caca a kansa da kuɗin cefanensu. Asabar rawa da giya. Lahadi da ƙarfe bakwai na yamma, agogonmu ɗaya da na Legas, a sanar da wanda zai ɗauki jakarsa.

A tsaya a kan Alhamis ɗin nan, don a nan ne shirin ke nuna ainihin fuskarsa. Gidan da kamfanoni ke rububin zuba kayansu a ciki ba gidan da abinci zai yi ƙaranci ba ne. Amma an tsara cewa idan suka faɗi aikin mako, a rage musu cefane. Yunwar ƙirƙirarta aka yi, don an san abin da take haifarwa: rigima a kan ƙwai, ɓoye taliya a ƙarƙashin katifa, zargin wane ya ci nama biyu. Kyamara kuwa tana jira. Tashar ta awa ashirin da huɗu ce, amma ɗaki ɗaya take nuna maka a lokaci guda, kuma akwai mai zaɓar ɗakin. Mutum biyu na hira mai ma'ana a lambu, wasu biyu sun fara ɗaga murya a kicin, ka san inda hoton zai koma. Mai haƙuri da kawaici, irin wanda a unguwa ake cewa ɗan mutunci, a can sunansa marar amfani, kuma yakan riga kowa fita. Ɗan takara ya gane tun makon farko cewa hajarsa ita ce a yi maganarsa, ko da zagi ne.

Ɗakin ambaton suna shi ma haka. Wanda kuka ci a kwano ɗaya da rana, da yamma dole ka ba da sunansa ko na wani, ba a yarda ka ce ba ka da kowa. Abota tana da amfani har zuwa ranar da mutane suka ragu, daga nan ta zama kaya a ka. Mutumin Maradi ba baƙon gasa ba ne, garin ciniki ne, an san karya farashi, an san ƙwace abokin ciniki, an san dillalin da ke cin gaba da baya. Sai dai kasuwarmu tana da wasu birki: ubangida yana ba yaronsa jari in ya daɗe da shi, wanda ya karye ana iya ba shi kaya bashi ya farfaɗo, kuma wanda ya ci amana zai haɗu da mutanen a masallaci da wurin suna har ƙarshen ransa. Gidan Big Brother kasuwa ce da aka cire wa waɗannan duka, aka bar mutum ɗaya zai kwashe, saura su tafi. Akwai doka, gaskiya ne, gargaɗi uku ko dukan wani ko cin zarafi suna jawo kora nan take, haka aka kori Tacha a 2019 da Erica a 2020. Amma faifan rigimar da ta jawo korar shi ne aka fi yaɗawa a makon, gidan ya hukunta ya kuma ci riba.

Inda mai saye ya kamata ya buɗe ido sosai shi ne ƙuri'a. Ana cewa masu kallo ke zaɓe, kuma haka ne, sai dai ba mutum ɗaya ƙuri'a ɗaya ba. A zangon farko-farko ana tura saƙon waya a naira 30 kowane ɗaya, mai kuɗi ya tura iyakar ƙarfinsa. Daga baya aka ɗaura yawan ƙuri'a a kan abonma. A zangon 2021, mai Yanga yana da ƙuri'a 200 a manhaja, mai Confam 500, mai Compact 750, mai Compact Plus 1,500, mai Premium 2,500. A lokacin Yanga naira 2,565 ne, Premium 18,400. Yi lissafin da kanka: mai Premium ya biya ninki bakwai da ɗan kai, ya samu murya ninki goma sha biyu da rabi. Farashin sari ke nan ga babba, farashin ɗai-ɗai ga ƙarami, kamar buhun sukari da kofi. A zangon nan wanda ba ya da dekoda an bar masa ƙuri'a 100 a shafin intanet, ita ma sai ya ƙona kiredinsa.

Daga nan ne sana'ar kamfe ta taso. Kafin ɗan takara ya shiga, ya riga ya ajiye masu riƙe masa shafukan Instagram da X, su ne ke tara magoya baya, a yi karo-karo, a sabunta wa mutane abonma don a karɓi ƙuri'unsu, a raba data. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wanda ya shigo ba kowa a bayansa ya fara da gibi. Kamfanin ya ce an jefa ƙuri'a sama da miliyan 900 a zangon 2020. Wannan adadi ba na mutane ba ne, na dannawa ne, kuma shi ake kai wa masu talla a nuna musu yawan idon da ake sayarwa. Manyan masu ɗaukar nauyin 2019 da 2020, Bet9ja da Betway, kamfanonin caca ne duka biyun. Wasannin da ake yi a tsakiyar mako kuwa talla ce tsagwaronta: a sa musu rigunan kamfani, su yi waƙa ko wasan kwaikwayo a kan sabulu ko lemo, wanda ya fi iya yabon kayan a ba shi kyauta. Ka biya abonma don ka kalli talla, ka kuma yi wa shirin yayatawa kyauta a WhatsApp.

Kyautar ma a dube ta da idon ɗan kasuwa. Ana shelar naira miliyan 25 a 2017 da Efe ya ci, 60 a 2019 da Mercy Eke ta zama mace ta farko da ta ci, 85 a 2020, 90 a 2021, 100 a 2022, 120 a 2023. A ido tana hawa. Amma miliyan 85 na Laycon, wanda ya ci a 2020, miliyan 30 ne kuɗi a hannu, sauran gida ne da mota da tafiye-tafiye da kayan masu talla, har da taliyar shekara guda, duk an yi musu kuɗi an tara. Sannan Katung Aduwak da ya ci na 2006 dalar Amurka 100,000 aka ba shi (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba), alhali naira miliyan 100 na 2024, lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, ba su kai dala 70,000 ba. Duk wanda ke canji a bakin kasuwa ya san wannan labarin ba sai an ba shi ba. Kamfanin da bakinsa ya ce ya kashe naira biliyan 4.3 a zangon 2021. Kyautar wanda ya ci, miliyan 90, kashi biyu cikin ɗari ke nan na kuɗin, kuma mutanen da ke cikin gidan su ne kayan da ake sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wasu cikin waɗanda aka kora suna samun talla da fim bayan sun fito, wannan gaskiya ne, amma shekara na zagayowa a zubo sababbi, hankalin jama'a ya koma can.

Ɗan Maradi kuma akwai abin da ya shafe shi shi kaɗai. Shiga gasar sai ɗan Najeriya mai shekara 21 zuwa sama. Kai naka biya da dannawa. Kwatanta da kokowar Takobi, da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maradi ya fara ɗauka har filin kokowar garin nan ke ɗauke da sunansa. Ita ma kora ce, ƴan kokowa 80 daga jihohi takwas, ɗaya ke tafiya da takobi, kuma ita ma kuɗi da talla sun shige ta. Amma wanda gwiwarsa ko bayansa ya taɓa ƙasa, dubban idanu sun gani a lokaci guda, attajirin da ke inuwa da mai tallan ruwa da ke rana abu ɗaya suka gani, ba wanda ganinsa ya ninka na wani sau goma sha biyu.

Duk da haka ba za a ce shirin ba ya jan hankali ba. An iya haɗa shi. Wanda ke son karantar halin mutane, yadda ake ƙulla ƙawance a warware, yadda mai wayo ke sa wasu su yi masa faɗa, zai samu abin dubawa, kuma daren Lahadi yana da zaƙin da ke hana shayi zagayawa a fada har sai an kira suna. Na ƴan shekara 18 zuwa sama ne, kuma da dalili: shigar daren Asabar, giya, da abin da ke biyo baya a ɗakin kwana ba abin da za a bari a falo ba ne inda yara da surukai ke wucewa. A shiga saitin kulawar iyaye a toshe tasha ta 198, a kuma canza lambar sirri, don 1234 da take zuwa da ita kowane yaro ya santa. A tuna ana maimaita guntayen shirin a wasu tashoshin Africa Magic, saboda haka toshewa da ma'aunin shekaru ta fi toshe tasha ɗaya.

Wanda ya yanke zai saya, Yanga ta ishe shi. Hoton 198 iri ɗaya ne a kowane mataki, kuma a nan zai samu tashoshin Hausa na sauran mutanen gida. Hawa zuwa Compact ko sama yana da ma'ana ne kawai ga mai son ƙwallon Ingila, ba don ƙarin ƙuri'a ba, domin bambancin naira 13,000 a wata tsakanin Yanga da Compact, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi jika 42 na sefa ne, kuɗin cefane ne na gaske za a kai wa wanda bai san da kai ba. Zangon yakan ɗauki kwana 70 da ɗoriya, abonma kuma kwana 30 ne, wato biya uku in an fara daga ranar buɗewa. Wanda ya bari sai mako na biyu ya wuce kafin ya biya, biyu sun kai shi ranar ƙarshe, kuma ba abin da ya rasa sai gabatar da sunaye da korar farko, waɗanda ake maimaitawa.